Cingam na Shida

Duk wanda ya taɓa bin layi a bayan Doreen Kaczmarek a kantin cefane na gabashin Toledo ya koyi haƙuri ko bai so ba. Matar ba ta zaro kati ta biya ta wuce kamar sauran bayin Allah. Sai ta buɗe wata doguwar jaka mai aljihuna, ta bi katunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da guntun salatif a jikinsa da rubutun biro: wannan na cefane, wannan na shan mai, wannan na gidan abinci, wancan kuma an rubuta masa "sai watan Yuli". Katunan bashi goma sha huɗu gare ta. Akasarinsu suna mayar mata da wani abu idan ta kashe kuɗi da su, wani makin tikitin jirgi, wani kwana a otal, wani senti biyu ko biyar a kowace dala. Abin taƙamarta a duniya guda ne. Shekara talatin da bakwai tana riƙe da kati, banki bai taɓa cin ko sisin kuɗin ruwa a hannunta ba, kuma ba ta taɓa makara da biya ko da kwana ɗaya ba.

Mutane sun ɗauka wayo ne, masu baƙin ciki su ce rowa ce. Ba ko ɗaya. Tsoro ne tsagwaronsa, kuma ya kama ta tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya, shekarar da aka rufe sashen da babanta yake aiki a masana'antar gilashi. Ba yunwa ta fi tunawa ba, don ba su ji yunwa can-can ba. Tarhon bangon kicin take tunawa. Masu bin bashi sun san lokacin da iyali ke zaune a tebur, sai su bugo a daidai lokacin. Tarho ya yi ta ruri, uwarta ta ce kada wanda ya tashi, babanta ya sunkuyar da kai yana tauna dankali kamar kurma. Wata safiya aka zo aka ja motarsu daga ƙofar gida, maƙwabta suna leƙe ta labule. Kafin shekara ta ƙare banki ya karɓe gidan, suka koma ɗaki biyu a saman gidan kakarta. Babanta bai sake ɗaga murya a cikin iyalinsa ba har ya mutu.

To, mai hankali zai ce wadda ta ga wannan ai ko kallon katin bashi ba za ta yi ba. Doreen ba haka ta lissafa ba. Ta ce tunda a ƙasar nan ba a ba ka hayar ɗaki ko rancen mota sai an duba zamanka da bankuna, gara ta shiga cikinsu ta ci nasu, su kuwa kada su ga nata.

Kowace Lahadi in sun dawo daga coci, kafin ma ta cire takalmi, takan zauna a teburin kicin da littafinta mai koren bango da tulin rasit na mako. Kowane kati da shafinsa: ranar biya, kuɗin shekara da watan da ake cire shi, makin da ya taru da ranar da zai lalace. Ta manna rasit, ta shiga kwamfuta ta biya, ta ja masa layi, ta ɗauko na gaba. Ba ta jiran takardar lissafi ta zo daga banki, kullum tana riga ta. Kuma ba ta taɓa yarda banki ya riƙa cire kuɗi da kansa daga asusunta ba, kamar yadda kowa ke yi yanzu. Ta ce ba za a sa mata hannu a aljihu tana barci ba. Idan kuɗin shekara na wani kati ya gabato, dala casa'in da biyar ko fiye, sai ta buga musu ta ce ta gaji za ta rufe, sannan ta yi gum tana jin ma'aikacin yana lallashi, har sai ya yafe kuɗin ko ya ƙara mata maki.

Mijinta Gil, wanda ke tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, ya daɗe da miƙa wuya. Manaja yake kiranta. Ko kofi zai saya a hanya sai ya bugo ya ji da wane kati Manaja ta amince. Ya taɓa yin kuskure ya sha mai da katin cefane, ya kwana uku yana shan magana. Amma shi ne kuma mai cika baki a sito cewa ya ga teku sau biyu, ya kwana a otal mai hawa ashirin, bai biya ko sisi ba, alhali albashinsa da nata na kantin magani in an haɗa ba wani abin a zo a gani ba ne.

Sai kuma lambar. Kowane baligi a nan yana yawo da tasa ko ya sani ko bai sani ba, lambar amana, wadda kamfanonin tattara tarihin bashi ke ba mutum, ƙarshenta ɗari takwas da hamsin. Ta Doreen ɗari takwas da shida ce, kuma ta fi saninta a kan nauyin jikinta. Ta kuma san abin da ke kashe lambar: makarar kwana talatin. Ƙasa da haka tara ce kawai tsakaninka da banki. Da kwana talatin sun cika sai banki ya kai rahoto, tabon ya zauna maka shekara bakwai. Bashin dala dubu goma ne ko na dala ɗaya, su duk ɗaya ne a wurinsu.

Cikin katunan goma sha huɗu, shida ba sa kawo komai yanzu. Tsofaffi ne, amma tsufan nasu ne ke riƙe da lambar a sama, don haka ba a rufe su. Suna kwance a durowar safar Gil, ɗaure da roba. Matsalar ita ce katin da ya daɗe ba a taɓa shi ba, banki na iya rufe shi da kansa. Shi ya sa Asabar ɗin farko ta Afrilu da ta Oktoba Doreen kan kwance robar, ta tafi gidan man da ke kan kwana, ta sayi cingam shida ɗaya bayan ɗaya, kowanne da katinsa da rasit ɗinsa. Dala ɗaya da senti tamanin da tara kowane fakiti. Ita ba ta cin cingam, Gil kuma haƙoran roba gare shi, sai dai ta kai wa abokan aiki. Masu gidan man sun san ranar. In sun hango ta sai su buɗe wani layin daban don kada sauran jama'a su yi zagi.

Duk wannan iya lissafin, ba su taɓa mallakar gida ba. Gil ya sha kawo maganar, amma wadda ta ga an karɓe na babanta ba ta taɓa iya kai hannu ta sa a takardar rancen gida ba. Shekara ashirin da biyu suna haya a ƙaramin gida mai ɗaki biyu da baranda, a wurin tsoho Haddad, mutumin da ba ya ƙara musu kuɗin haya sai ya fara ba su haƙuri. Doreen ta san kowane katako mai ƙara a gidan, ta san tagar da sai an doke ta kafin ta buɗu. Haddad ya rasu a watan Maris. Ta je jana'iza da kek, ta dawo da damuwa, don ta ƙirga 'ya'yansa huɗu kuma babu wanda ya yi mata kama da mai son riƙe gidan haya.

Ranar cingam ta Afrilu, tana tsaye a gaban kanta ta biya na biyar ke nan, wayarta ta yi ƙara. Gil ne. Ya ce Nabil, babban ɗan Haddad, yana zaune a falonsu, ta taho yanzu-yanzu. Ta miƙa kati na shida, ta fisgi ledar ta fita, ta cusa ta a akwatin gaban mota. Rasit biyar suna cikin jakarta. Na shida mai sayarwa ta jefa shi cikin ledar tare da cingam, Doreen ba ta gani ba.

Nabil bai yi wani kwana-kwana ba. Ya ce wani kamfani mai sayen gidaje ya yi musu tayi kuɗi hannu. Kowa a unguwar ya san kamfanonin nan, su fitar da kai, su shafa fenti, su ninka haya. Amma saboda ƙaunar da babansu ke yi musu, 'yan'uwa sun yarda a ba su dama. Dala dubu ɗari da talatin da biyar, nan da ashirin ga Yuni. In ranar ta wuce, kamfani ne.

"Misis K, da ni kaɗai ne sai in jira ku har Kirsimeti," in ji shi. "Amma mu huɗu ne, kuma ƙanwata ta riga ta ɗauki lauya."

Washegari Lahadi Doreen ta zauna da littafinta, kanta ya yi zafi da lissafin gida. Ta manna rasit biyar, ta biya biyar, ta ja layi biyar, ta rufe littafi. Wadda ta ƙirga komai a rayuwarta, ranar nan ba ta ƙirga ba.

Ba yadda za su yi, suka shiga neman rancen gida. Mai kula da rancensu wata mata ce, Priscilla Oakes, a wani ƙaramin ofis kusa da gidan waya. Da ta ga lambar Doreen sai ta yi fito, ta ce a shekara goma sha biyar na aikinta ba ta fi ganin irinta sau uku ba. Amma da ta zo kan albashi sai ta daina dariya. Ta ce lissafin ya shiga, sai dai da ƙyar, babu wurin ko allura. Kyawun lambar ne ya sa aka ba su kuɗin ruwa mafi sauƙi, kuma sauƙin nan ne kaɗai ya sa biyan wata-wata bai fi ƙarfin albashinsu ba.

"Daga yau har ranar sa hannu, kada ki buɗe kati, kada ki rufe kati, kada ki sayi ko firiji," in ji Priscilla. "Za a sake duba lambar kwana biyu kafin ranar. Numfashi kawai na yarda ki yi."

Doreen ta yi murmushi ta ce ita ake gaya wa? Gil ya ce ai Manaja ce ta koya wa bankin ma aikinsa. Suka kwashe ajiyarsu ta shekaru suka ba da kafin alƙalami, suka shiga kai takardu, yau wannan gobe wancan.

Ranar Asabar sha huɗu ga Yuni, saura kwana shida, Doreen ta fita da tsumma za ta goge mota. Ta buɗe akwatin gaba, leda ta faɗo mata a ƙafa. Cingam shida, zafi ya narkar da su sun manne. A tsakaninsu ga wata 'yar takarda da rubutunta ya fara kodewa. Ta kai ta kusa da ido ta karanta lambobi huɗu na ƙarshe na katin.

Katinta na farko ne a duniya. Tana shekara goma sha tara ta buɗe shi a wani kantin tufafi don ta sayi kwat ɗin zuwa aiki. Kantin ya mutu tuntuni, katin ya koma hannun wani banki a wata jiha mai nisa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce bankin ya yi mata tayin maki ɗari biyar in ta yarda a daina aiko mata takarda ta gidan waya, ta karɓa da murna. Tun daga nan saƙonsu yana zuwa ne adireshin imel na tsohon wurin aikinta, wanda aka rufe shekara bakwai ke nan. Lambar wayar da suke da ita kuwa ta tarhon gida ce da suka cire. Ba ta taɓa damuwa ta gyara ba, tunda kullum tana biya kafin su tambaya.

Ba ta buƙaci littafi ba, ranar biyan katin tana kanta: sha biyu ga wata. Sha biyu ga Mayu. Ta zauna a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, ta ƙirga da yatsu kamar 'yar firamare. Ta sake ƙirgawa daga baya zuwa gaba ko za ta samu ragi. Kwana talatin da uku.

Ta ja ƙofar mota ta rufe, ta buga musu. Minti ashirin da biyar ana kaɗa mata wani kiɗa, gumi na bin bayanta, tana kallon Gil ta gilashi yana yanke ciyawa hankalinsa kwance. Daga bisani wata yarinya mai sanyin murya ta ɗauka, ta ce da tara da kuɗin ruwa ana binta dala biyar da senti saba'in da ɗaya. Doreen ta biya nan take. Sannan ta yi tambayar da ta kira dominta, ko an riga an kai rahoto.

"Ba na iya ganin wannan daga wurina, Madam. Masu wannan sashen sai Litinin."

Ba ta gaya wa Gil ba. Ta shiga gida ta dafa taliya, ta zuba gishiri sau biyu. Da la'asar sai ga shi ya dawo daga kantin kayan gini yana fara'a, da gwangwanin fenti shuɗi a hannu. Takardar haya ta hana a canza launin komai, don haka shekara ashirin da biyu ƙofar gidan fara ce, kuma shekara ashirin da biyu Gil yana cewa ta yi kama da ƙofar asibiti. Ta ce masa ya bari sai Juma'a in an sa hannu.

"Haba Manaja. Mai ɗari takwas da shida ce ke tsoron gwangwanin fenti?"

Ta juya ta koma kicin. Lahadi bayan coci ya cire ƙofar ya ɗora a kan benci biyu a baranda, yana shafa fenti yana waƙa da muguwar muryarsa. Ita tana kicin, ta manna rasit na shida a shafinsa, ta zauna tana kallonsa. Tsoro take ji, irin wanda ke sa tafin hannu sanyi a tsakiyar zafin Yuni, ga kunya a kansa.

Litinin da ƙarfe takwas daidai ta buga. Aka miƙa ta daga wannan zuwa wancan har mutum huɗu, na ƙarshe ya ce rahoto na'ura ce ke aika shi, ba mutum ba, kuma ba zai iya cewa ya tafi ko bai tafi ba. Akwai manhaja a wayarta da ke nuna mata lambar. Ranar nan ta shiga bayi a wurin aiki ya fi sau goma, ta kulle ƙofa ta duba. Ɗari takwas da shida. Ta ba wani dattijo canjin da ba daidai ba, abin da bai taɓa faruwa ba, har abokiyar aikinta ta tambaye ta ko ba ta da lafiya. Talata ma ɗari takwas da shida. Sai zuciya ta fara yi mata daɗin baki: wa zai damu da dala biyu? Ƙila bankin ba ya kai rahoton ƙananan kuɗi. Ƙila sai ƙarshen wata, lokacin kuwa sun riga sun sa hannu. Ta kunna kyandir a coci, ta yi alkawarin da ita kanta ta san ba za ta iya cikawa ba.

Laraba da safe ɗari takwas da shida. Da ƙarfe biyu tana jera kwalaben maganin tari, wayar ta yi rawa a aljihun rigarta. Ta ga sunan Priscilla, ta zauna a kan kwali ta ɗauka.

"Doreen, mene ne wannan nake gani?"

Lambar ta faɗo ɗari shida da tamanin da tara. Priscilla ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta bi lissafin a hankali kamar mai karanta sakamakon asibiti. Da wannan lambar kuɗin ruwa ya hau, inshorar rancen ta hau, biyan wata ya ƙaru da dala ɗari biyu da arba'in, kuma da wannan ƙarin sun tsallake iyakar da masu ba da rance ke yarda da ita. Ta ce hanya ɗaya ta rage. Idan bankin katin ya rubuto wasiƙa cewa kuskuren nasu ne, kafin ƙarfe uku na gobe, za ta iya sa a gyara lambar cikin gaggawa. Doreen ta ce cingam ne fa. Priscilla ta ce ta sani, ta taɓa ganin wanda ya rasa gida a kan kuɗin ajiye mota.

Doreen ta buga wa Nabil ta roƙi ƙarin wata ɗaya. Bai tambaye ta dalili ba, ya ce zai tuntuɓi 'yan'uwa. Bayan awa guda ya turo saƙo maimakon ya kira, daga nan ta san amsar tun kafin ta buɗe.

Alhamis ta ce wa Gil za ta aiki, ta ce wa wurin aiki ba ta da lafiya, ta tuƙa mota zuwa bakin kogi ta tsaya a ƙarƙashin wata bishiya da littafinta a cinya. Tun tara na safe take buga wa bankin katin. Ta yi roƙo, ta karanto musu shekara talatin da bakwai, ta yi kuka a kunnen mutanen da ba ta sani ba. Sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi aka haɗa ta da wani babba, mai muryar dattijo, wanda ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba. Ya ce ya ga tarihinta, kuma abin bai yi masa daɗi ba. Ya ce doka ba ta ba shi damar goge rahoton gaskiya ba, amma in laifin nasu ne yana da ikon rubuta wasiƙa yanzu-yanzu. Misali, in ta taɓa bugowa ta sanar da su ta canza adireshi, su kuma ba su shigar ba. Sannan ya ƙara da cewa bayanan kiran waya na shekarun baya ba su da su a ajiye.

"Saboda haka zan tambaye ki, Misis Kaczmarek, kuma ki yi tunani kafin ki amsa. Kin taɓa sanar da mu?"

Doreen ba yarinya ba ce, ta gane ƙofar da bawan Allahn nan ya buɗe mata. Kalma ɗaya ce. Ta ga gidan a idonta, har da tagar da ake doka. Amma a farkon kiran wata murya ta ce ana naɗar duk abin da aka faɗa. Kuma a takardun rancen akwai wani sakin layi, ita kaɗai ce a Toledo za ta tsaya ta karanta shi, wanda ya ce duk wanda ya yi ƙarya don samun rance ya aikata babban laifi, akwai tara, akwai kurkuku. Ta ga an zo kama ta a ƙofar gida, ta ga maƙwabta suna leƙe. Kada wani ya ce tsabar gaskiya ce ta hana ta, ita kanta ba ta taɓa cewa haka ba. Tsoron da ya riƙe ta shekara talatin da bakwai ba ta makara ba, shi ne dai ya riƙe mata harshe.

"Ban sanar ba," in ji ta.

Mutumin ya sauke numfashi. Ya ce to rahoton daidai yake. Ya ce tana iya rubuto takardar neman alfarma, ana amsawa cikin kwana talatin, ya karanto mata adireshi. Ita kuwa, saboda sabo, ta rubuta shi tsaf a littafi har da lambar akwatin gidan waya.

Ta kai awa biyu a wurin kafin ta iya tada mota. Da ta iso gida ta tarar Gil ya taso aiki da wuri. Ya goge farar rigarsa ta zuwa sa hannu ya rataye a jikin ƙofar ɗaki, ya fito baranda yana ɗaura sabuwar lambar gida ta tagulla a jikin shuɗiyar ƙofar. Ya juyo da sukurdireba a hannu zai yi mata tsiya, ya ga fuskarta, ya fasa.

Ta gaya masa a tsaye, daga gidan mai har bakin kogi, ba ta rage komai ba, har da tambayar dattijon da amsar da ta ba shi. Ya zauna a kan matakala a hankali saboda bayansa.

"Nawa ne?"

"Dala ɗaya da senti tamanin da tara."

Ya gyaɗa kai. Ta tsaya tana jira ya yi ihu, ya zage ta, ya ce da ta bar banki ya riƙa cirewa kamar kowa, ya ce da ta ce e kawai. Wallahi da ya yi da ta ji sauƙi. Bai yi ba. Ya daɗe yana juya sukurdireban a hannunsa yana kallon titi. Wata mota ta wuce, mai ita ya ɗaga musu hannu ya ce ƙofa ta yi kyau, Gil ya ɗaga masa shi ma.

Can ya miƙe, ya kwance lambar tagullar ya sa a aljihu. Ya ce takardar haya ta ce a mayar da gida yadda aka same shi, in ba haka ba za a ci kuɗin ajiyarsu, kuma duk inda za su koma sai an nemi na wata biyu a hannu. Ya duba agogo ya ce kantin kayan gini bai rufe ba tukuna.

"Ba ni makullin mota, Doreen. Bari in sayo farin fenti."